Muryar Ɗan Fari Daga Pekin

Kafin bazarar 1976, in ka tambayi Goggo Zubaidatu inda ƙasar Sin take, sai ta kifa ɗaya daga cikin kwanukan da take sayarwa, ta nuna maka gindinsa, ta ce ga ta nan a rubuce in ka iya karatu. Mai sayar da kwanuka da farantai ce a kasuwar Sabon Gari, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma ba ta shiga sharo ba shanu. Amma a wannan bazarar sai ga ta ta zama lauyar gwamnatin Sin, lauyar da ba wanda ya ɗauka, ba wanda ya gode mata. Kowa a gidan hayarsu ya san dalili, sai dai ba wanda ya isa ya faɗa a gabanta.

Dalilin kuwa shi ne Hamza, ɗanta na fari. Da ya gama jami'a a Samaru aka ɗauke shi aiki a sashen Hausa na gidan rediyon birnin Pekin, ga shi yana cikin shekararsa ta biyu a can. Goggo irin matan da ce, masu riƙe kunyar ɗan fari hannu bibbiyu. Tun ranar suna ba ta taɓa furta sunansa ba. In ta matsu sai ta ce "yaron nan" ko "wancan". Akwai wani Hamza mai kifi a bakin kasuwa, bawan Allah bai ci ba bai sha ba ya rasa sunansa a bakinta, ya koma Mai Kifi har ya tsufa. Ranar da yaron zai tafi ma, ya durƙusa a ƙofar ɗakinta yana sallama, ita kuwa ta duƙufa kan goge wani faranti da ba abin da ya same shi, ta ce, "Allah ya tsare," kamar Kaduna zai je ya dawo da yamma.

Wadda ta yi kukan rabuwar, har da zaman dirshan a tsakar gida, ita ce Adunni. Bayarabiya ce daga Ogbomosho, mai sayar da atamfa, ɗakinta na kallon na Goggo. Shekara ɗaya aka kawo su gidan suna amare, mazajensu duka ma'aikatan reluwe. Da aka haifi Hamza, uwa ta kau da kai kamar yadda aka koya mata, Adunni ta ga abin mamaki, ta sunkuci jariri ta goya. A bayanta ya girma, a ɗakinta ya koyi cin amala. Yana ƙarami yana da i'ina, sai ya yi ta fama da kalma ɗaya kamar mota a laka, kuma har gobe Adunni na bugun ƙirji cewa ita ta warkar da shi da wani jiƙo da aka aiko mata daga gida.

"Ka ji shi yanzu?" in ji ta, da Hausarta ta Sabon Gari wadda mace da namiji duk "ka" ne. "Duniya duka yana saurare. Aikina ne o!"

Goggo ba ta taɓa musa mata ba, ba ta kuma taɓa gaskata ta ba.

Abu ɗaya ne ya hana zamansu zama zuma zalla. A wurin su Adunni, babbar daraja ce a kira mace da sunan ɗanta na fari, don haka tun ranar suna ta laƙaba wa maƙwabciyarta "Mama Hamza". A tsakar gida Mama Hamza, a bakin famfo Mama Hamza, a tsakiyar kasuwa da murya kamar ta mai shela Mama Hamza. Shekara talatin tana kira, Goggo ba ta taɓa amsawa ba. Sai ta bari kiran ya huce, sannan ta waiwaya kamar ƙuda ne ya dame ta, ta ce, "Iya, magana kike yi?" Adunni ta san da haka sarai, kuma ba ta fasa ba. Kowacce na ganin 'yar'uwarta ce ba ta waye ba.

Shi ma Hamza ɗan gado ne a kunya. Ana gobe zai tafi ya je kantin PZ ya sayo rediyo mai batir, mai kama tashoshin nesa, ya kai ɗakin Adunni ya ajiye. Bai ce don wa ba, ba a kuma tambaye shi ba. Tun daga nan, kullum da yamma in an dawo kasuwa, Adunni za ta fito da rediyo baranda, ta fara kama Landan ta ji labarin duniya, sannan ta murɗa zuwa Pekin. Daidai lokacin nan ne kuma Goggo ke tuna cewa tana da waken da ba ta tsince ba. Sai ta fito da faifai, ta zauna nesa kaɗan, ta ba rediyon baya. Waken nan an tsince shi har ya gaji da duniya. In muryar yaron ta fito, hannunta kan tsaya cak a cikin faifan, kuma duk gidan sun koyi kallon wani wuri.

Wannan shekarar mutane sun manne wa rediyo fiye da kullum, don ba a daɗe da harbe shugaban ƙasa a Legas ba, kowa kunnensa a tsaye yake. Ana cikin zafin nan na watan huɗu, mangwaro ya cika kasuwa, sai Landan ta zo da labari. Wai a babban filin birnin Pekin dubban mutane sun yi kwanaki suna taruwa, suna ajiye furanni don tunawa da firaministansu da ya rasu, suna karanta waƙoƙi, wasu waƙoƙin kuma habaici ne ga masu mulki. Aka wayi gari an kwashe furannin. Jama'a suka fusata, aka ƙone mota, daga baya aka kewaye waɗanda suka rage a filin da sanduna. An kama mutane da yawa, in ji Landan, kuma ba wanda ya san ko nawa ne suka rasa rai, ko ma an rasa.

Adunni ta dafe kai. "Yepa! Mama Hamza, ka ji?"

Ta murɗa zuwa Pekin. Wata mace ce ta karanta labarai ranar, da Hausarta mai tsabta ta 'yan makaranta, kuma ba ta ce komai a kan filin ba. Sai bayan kwana biyu tashar ta yi magana: wasu miyagu ne 'yan tsiraru suka fake da makoki suka ta da fitina, ma'aikatan birni suka taru suka yi maganinsu, yanzu gari lafiya lau, jama'a ma murna suke. Matar nan ce dai ta karanta. Washegari wani namiji ne, amma ba Hamza ba. Kwana na gaba ma ba shi ba.

Goggo ta san abin da ta haifa. Yaro ne wanda tun yana rarrafe in ya ji ganga sai ya bi, ga shi da son waƙa kamar me. A ce ana karanta waƙoƙi a fili a garin da yake, ko da igiya aka ɗaure shi sai ya je. Tsoro ya kama ta. Ga shi ba ta da bakin tambaya. Uwar da ba ta iya faɗin sunan ɗa, ta yaya za ta tsaya gaban mutane ta ce ina ɗana? Sai ta zauna ta auna maganganun biyu yadda take auna ciniki. In Pekin ta yi gaskiya, miyagu kaɗan aka kama, yaron yana ɗakinsa, ƙila mura ce ta sa shi hutu. In Landan ce ta yi gaskiya, to sanda ba ta tambayar wane ne baƙo. Saboda haka dole Pekin ta yi gaskiya, kuma duk wanda ya ce ba haka ba, da ita yake.

A kasuwa aka fara gani. Wani tela da ke bayan rumfarta ya ce ai ya ji an kashe ɗaruruwa. Goggo da ba ta taɓa tanka masa ba sai gaisuwa, ta miƙe da murfin kwano a hannu.

"Kai ka ƙirga su? Kana nan kana taka keke ka ga gawa a Sin? Bature yana zaune a Landan cikin sanyi zai gaya mana abin da ya faru a gidan wani! Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo."

Tela ya ba da haƙuri ya koma kan kekensa. Kafin mako ya ƙare, masu son dariya kan zo rumfar su ce, "Goggo, yaya Sin?" don kawai su ji ta tashi. Ta haddace maganar tashar tsaf, har da "'yan tsiraru" da "maƙiyan jama'a", tana zuba su tana miƙa wa mai saye canjinsa. Waɗanda suka san ciki kuwa ba sa dariya, sai su sayi ƙaramin kofi da ba sa bukata su wuce.

A gida abin ya fi zafi, don Adunni ba ta iya ɓoye komai ba. Kullum in an rufe shirin ba Hamza, sai ta fashe da kuka, ta ambaci Olorun da Yarabanci, ta ambaci Allah da Hausa, ta ce ita jikinta ya ba ta. Ran nan Goggo ta maimaita mata karin maganar mai ɗaki, Adunni ta share ido da gefen zane ta ce, "Mai ɗaki ya sani, amma ba zai gaya wa baƙo ɗakinsa yana yoyo ba. Wane gomnati ka taɓa ji ya ce ni na doki mutane?"

"Sun ce gari lafiya."

"To ina yaro? In lafiya, ina yaro?"

Goggo ta sunkuyar da kai cikin faifai.

"Duba shi!" Adunni ta juya tana kiran sauran matan gidan shaida. "Ni na goya yaron nan har bayana ya kare, ni ba na barci, shi yana tsince wake! Mama Hamza, dutse ne a kirjinka? Ko sau ɗaya ka ce wayyo!"

Maganar ta shiga inda ba a so. Goggo ta ɗago, idonta a bushe, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Tunda ɗanki ne, Iya, ki daina kashe shi da bakinki kullum da yamma. Ni dai na gama zama gaban akwatin nan. In kin ƙara ganina a nan, ki canza mini suna."

Ta ɗauki faifanta ta shige ɗaki ta saki labule. Tana zama a bakin gado ta gane abin da ta yi wa kanta. Rediyo ɗaya ne a gidan mai kama Pekin, kuma da bakinta ta rufe hanyar zuwa wurinsa. Ta yi nadama nan take, amma Goggo ba ta san hanyar da ake bi a janye magana ba, ba ta taɓa bi ba. Washegari suka haɗu a bakin famfo, ba wadda ta ce wa wata ina kwana. Yaran gidan da suka tashi suka tarar da su kamar hanta da jini suka rasa inda za su sa idonsu.

Ran Lahadi ta ƙulla daddawa a leda, ta ce za ta kai wa ƙaninta Ɗanmalam a Samaru. Ɗanmalam akawu ne a ofishin gona na jami'a, kuma daddawa ba ta yanke a gidansa ba, amma ya karɓa da godiya kamar ya shekara yana nema. A gindin mangwaron ƙofar gidansa ta tarar da samari biyu, Shekari da Chika, abokan karatun Hamza waɗanda yanzu suke koyarwa a jami'ar. Suka durƙusa suka gaishe ta, aka shimfiɗa mata tabarma daga gefe, suka koma kan gardamar da ta katse. Ba sai an gaya mata a kan me ba ne.

Shekari ɗan goyon bayan Pekin ne, ɗakinsa cike da mujallunsu masu hoton manoma suna dariya. Chika kuwa in Landan ta ce rana ta faɗi, ba ya leƙa waje. Rabin maganarsu Turanci, rabi Hausa.

"Farfaganda ce kawai," in ji Shekari. "Ƙasar da ta ciyar da mutum miliyan ɗari takwas, Turawa ba za su taɓa yafe mata ba. Wakilin Landan ɗin ma ko yaren bai iya ba."

"To furannin fa? Su ma Turawa ne suka kwashe?" in ji Chika. "Mutane sun fito suna neman a bar su su yi magana, aka amsa musu da kulki. In ba abin ɓoyewa, me ya sa aka yi kwana biyu ba a ce uffan ba?"

Goggo ta saurara tana juya kai daga wannan zuwa wancan. Ta zo da fatan masu ilimi za su yanke mata magana ɗaya, sai ta tarar da gardamarta da Adunni ce aka sa wa wando da tabarau. Shi ma Shekari, in za a bi gaskiya, bayan shekara biyu da 'yan watanni, da gwamnatin can da kanta ta juya ta ce masu furannin nan 'yan kishin ƙasa ne, ya yi kwanaki bai leƙo gindin mangwaron ba. Amma wannan gaba ne, ranar dai bakinsa da ƙarfi.

Da ta ga ba za su kai inda take so ba, ta gyara lulluɓi, ta dubi wani kare da ke kwance can nesa, ta ce kamar da shi take, "Baƙin da ke zaune a garin fa? Masu aiki. Su ma ana taɓa su?"

Gardama ta mutu nan take. Samarin suka dubi juna, kunya ta rufe su, don sai yanzu suka tuna uwar wa ke zaune a gefensu. Chika ne ya fara farfaɗowa.

"Ai Goggo, Landan ɗin nan ma suna da ƙarin gishiri. Abu kaɗan sai su mai da shi babba. Ni ban cika yarda da su ba."

"Kuma ko da an doki mutane," in ji Shekari, wanda yanzun nan ya rantse ba a yi ba, "baƙi can wani masauki ake ajiye su, nesa da filin. Da mota ake kai su aiki a dawo da su."

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Yara ne masu kirki, kowa ya sayar da ra'ayinsa a arha don ya kwantar mata da hankali, kuma ba wanda ya san komai a cikinsu. Ta ji tana ƙaunarsu, ta kuma ji kamar ta make su.

"Ku koma kan gardamarku," ta ce, "ta fi wannan daɗin ji."

Ɗanmalam ya raka ta bakin titi. Suna jiran motar Sabon Gari ya ce, yana kallon takalminsa, "Yaya, shekaranjiya Iya Adunni ta zo har ofis. Ta tsaya a kaina sai da na bar aiki muka je gidan waya aka buga wa yaron wayar tangaraho. Amsa dai ba ta zo ba tukuna."

"Wa ya aike ta?"

"Ba kowa. Ta ce in kika ji daga bakina za ta tsine mini da Yarabanci."

Goggo ta ja gefen mayafi ta goge ido, ta ce hayaƙin motocin Samaru ya fi na ko'ina yaji. Ɗanmalam ya ce ƙwarai kuwa, kowa na kuka da shi.

Ta iso gida da la'asar sakaliya. Tun daga zaure ta ji gidan ya ɗauka kamar ana biki. Adunni ta ɗauke rediyo daga baranda ta ɗora shi a kan tagarta, bakinsa na kallon ƙofar Goggo, ta ƙure murya har jikin rediyon yana rawa. Wani malamin makaranta da ke ɗakin ƙarshe ya fito yana roƙon a rage, ta ce masa kunnenta ne ya fara mutuwa, tsufa ne, in ya kai shekarunta zai gani. Goggo ta wuce ta gabanta ba ta kalle ta ba, ta shiga ɗaki. Labulen ne dai ranar ta manta ba ta saki ba, kuma ta ci gaba da mantawa kullum.

Haka aka yi ta tafiya. Landan ta bar maganar ta koma wasu ƙasashe, kamar yadda masu labari kan yi in jini ya bushe. Pekin kuwa kullum taron goyon baya, kullum jama'a na murna, kullum ba Hamza. Goggo ta rame, ta daina tanka wa masu tsokana a kasuwa. In ta idar da salla takan daɗe a kan buzu, amma ko a gaban Ubangiji kunyar ba ta sake ta ba, sai ta ce, "Allah ka san wanda nake nufi."

Ran wata Alhamis da yamma, hadarin farko ya haɗu a gabas ya ƙi zubowa, gari ya yi tsit da zafi. Tana zaune a bakin gado ta ji kiɗan buɗe shiri, sai ƙarar iska, sannan wata murya ta ce, "Assalamu alaikum, jama'a masu sauraro."

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta tsinci kanta a baranda, zaune a wurinta na da, da faifai a cinya. Sai da ta sa hannu ta ji babu ko ƙwayar wake a ciki. Adunni na tsaye jikin taga, ta toshe bakinta da hannu biyu, hawaye na bin yatsunta. Ta ga faifan, ta ga babu wake, kuma a karo na farko a rayuwarta ta ga abin magana ta yi shiru.

Hamza ya karanta labarin noman alkama, da na wata tawaga da ta zo daga Afirka. Muryarsa ce, ba ta canza ba, sai dai ta ɗan dushe. Daga nan ya shiga sharhi a kan fitinar filin nan. Ya ce 'yan tsiraru ne, ya ce maƙiyan jama'a ne, duk kalmomin da uwarsa ta yi ta rabawa a kasuwa. Sannan ya ce, "Kuma ba... babu wani mutumin kirki da abin ya shafa." Ɗan tuntuɓe ne, ƙanƙani, wanda mai sauraro zai ɗauka iska ce ta ja tashar. Ya wuce abinsa. Hannun Goggo ya damƙe bakin faifai.

A ƙarshen shirin akwai filin gaishe-gaishe. Ya gai da masu sauraro a Kano da Maraɗi da Kumasi, sannan ya ɗan dakata.

"Ina kuma gai da Iya Adunni a Sabon Garin Zariya, da duk wanda ke zaune kusa da ita. Saƙo ya iso. Ina nan lafiya ƙalau."

Wannan karon maganar ta fita sumul, ba ko gargada. Goggo ta saki bakin faifan da ta damƙe. Adunni kuwa ta daka tsalle, da girmanta da komai, ta zagaye tsakar gida tana waƙar cocinsu, ta rungume matar malamin makaranta, ta dawo ta zube kusa da Goggo tana haki. Faɗan da suka yi ko ambatonsa ba a yi ba.

"To, ka ci gari," in ji Adunni, tana dariya tana share hanci. "Yaro da bakinsa ya ce ba a taɓa kowa ba. Pekin naka ya yi gaskiya. Ni da Landan mun ji kunya."

Goggo ta girgiza kai.

"A'a, Iya. An doki 'ya'yan mutane a filin nan. Kuma ya gani, ko ya ga wanda ya gani."

"Ah-ah! Kai da ka kusa cinye tela? Wa ya gaya maka?"

"I'inar ta dawo masa. Wurin 'babu'."

"Wane i'ina? Na warkar da wannan tun yana aji biyu!"

"Kin warkar da ta kullum. Akwai saura, ba ta fitowa sai zai faɗi abin da ba shi ne a ransa ba." Ta yi maganar a hankali, ba ta ɗago ba. "Ranar da ya ce miki makaranta ya je, alhali tasha ya tafi kallon jirgi, ta fito. Ranar da aka binne mahaifinsa kika tambaye shi ko ya ci abinci ya ce ya ci, ta fito. Ranar da zai tafi, kika ce ko yana tsoron jirgin sama ya ce ba ya tsoro, ina bayan labule, na ji ta. Yau da ya ce yana lafiya ba ta fito ba. Shi ya sa na yarda."

Adunni ta saki baki tana kallon matar da ta zauna da ita shekara talatin, wadda ta ce wa dutse. Ta kama hannunta ta riƙe, Goggo ba ta janye ba.

"To nawa suka mutu?" Adunni ta tambaya, muryarta ta yi laushi.

"Ina zan sani? Landan ma daga nesa take leƙe. Ƙila da yawa, ƙila ba ko ɗaya, Allah ne ya ƙirga." Ta juya faifan a cinyarta. "Abin da na sani, akwai wata a can yanzu haka tana zaune tana jira kamar yadda na zauna. Nata ba ya aiki a rediyo. Kuma ni na tsaya a tsakiyar kasuwa na ce mata ɗanta mugu ne."

Aka kira magariba a masallacin bakin layi. Iska ta taso da ƙanshin ruwa, mata suka ruga kwashe shanya. Goggo ta miƙe da ƙyar, ta ɗauki buta, ta nufi bayan ɗaki. Adunni ta bi ta da kallo, sai ta kira ta, ba don tana jiran komai ba, don dai bakinta ya saba.

"Mama Hamza."

Goggo ta tsaya, ba ta waiwaya ba.

"Na'am," ta ce.

Matar malamin makaranta ta tsaya da zane a hannu. Adunni ta buɗe baki ta rufe, ta manta sarai abin da ta yi niyyar faɗa. Goggo ta ɗan jira, da ta ji shiru sai ta ce, har yanzu tana kallon gabanta, "Gobe ki sa masa sabon batir, Iya. Muryar ta fara yin ƙasa."